Ga matasanmu masu gasar iyo, keke da gudu: a fara gyara kwanciya a ruwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu in yi magana da matasanmu na Katsina da Daura da suka fara sha'awar gasar nan ta uku-a-ɗaya da ake kira tirayatalon, da kuma masu son iyon dogon zango. Shafin wasanni kullum na ƙwallon ƙafa ne, sai dambe da kokawa jefi-jefi. Iyo kuwa ba a cika ambatonsa ba sai ranar da ruwa ya ci wani.

Ga wanda bai san gasar ba, da iyo ake farawa, a fito a hau keke, a sauka a zuba da gudu, agogo bai tsaya ba. Zangon da ake yi a wasannin Olamfik, tun da aka shigar da ita a Sidni a shekarar 2000, iyon mita 1,500 ne, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai ƙaramin zango mai rabin wannan. Babbar kuwa, wadda ake kira Ironman, da aka fara a Hawai a 1978, iyon kilomita 3.8 ne, keke kilomita 180, kamar daga Katsina zuwa Kano har da ɗan ɗori, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Keke da gudu ba baƙi ba ne a wurinmu. A ruwa ne mutanenmu ke shan kashi.

Abin da aka saba gani shi ne saurayi mai cinye kilomita goma a guje ba tare da ya galabaita ba, ya faɗa ruwa, kafin mita hamsin ya rungume bakin kwamin iyo yana haki, idanu sun yi ja. In ka tambaye shi sai ya ce numfashi ne ba shi da shi, ko hannunsa ne ba ƙarfi, ya tafi ɗaga ƙarfe. Huhunsa lafiya lau yake. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma turjiyar da yake yi wa jiki tana ninkawa sau huɗu duk lokacin da sauri ya ninka sau biyu. Saboda haka duk wata gaɓa da ta fita daga layi, ƙafa ce ta nutse ko kai ne ya ɗago, birki ce. Mai ƙara ƙarfi bai gyara wannan ba kamar direba ne da ke taka totur alhali birkin hannu na ɗaure.

Mu fara da kai. Yawancinmu a kududdufi muka koyi iyo a lokacin damina, kai a sama, hannu da ƙafa na dukan ruwa, irin wanda ake ce wa iyon kare. Ya isa ya ƙetarar da yaro kududdufi, amma ba zai kai mutum mita 1,500 ba. Jikin ɗan'adam a ruwa kamar sikeli yake, huhu ne tsakiyarsa, don shi ne gorar da ke ɗaga mutum. Kan babban mutum ya kai kimanin kilo biyar. Da ka ɗaga shi sama da ruwa, ɗaya gefen sikelin, wato ƙugu da ƙafafu, sai ya yi ƙasa. Masu keke da gudu sun fi kowa shan wannan wahala, domin cinyarsu tsoka ce zalla, tsoka kuwa nutsewa take yi.

Gyaran shi ne ka dubi ƙasan kwamin, ɗan gaba kaɗan, ruwa ya tsaya a tsakar kanka, ƙeya a miƙe kamar kana tsaye a sahu. Sai ka ɗan danna ƙirjinka cikin ruwa, kamar mai gangara tudu. Za ka ji ɗuwawu da dugadugai sun taso suna taɓa iska. Don ka gamsu da kanka, tura bango da ƙafa, hannuwa a miƙe ɗaya kan ɗaya, kai tsakanin damatsa, kada ka motsa komai, ka lura da inda ka tsaya. Sake yi kana kallon gaba. Bambancin tazarar nan shi kake biya a kowane jan hannu. Tufafi ma suna cikin lissafi: wando mai faɗi da riga mai ɗaukar ruwa lema ce kake ja a bayanka. Akwai kayan iyo masu kama jiki da ke rufe al'aura har gwiwa, akwai kuma na mata masu rufe jiki duka.

Sai numfashi, inda nake so in daɗe, domin nan ne mafi yawa ke karaya. Mai koyo yakan riƙe numfashi muddin fuskarsa na cikin ruwa, in ya juyo sai ya yi ƙoƙarin fitar da tsohuwar iska ya shaƙi sabuwa a cikin rabin daƙiƙa. Ba ta yiwuwa. Gurɓatacciyar iskar da jiki ke son fitarwa sai ta taru a jini, ita ce kuwa ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi, ko da iskar da yake bukata ba ta ƙare ba. Ƙa'idar ita ce, da zarar fuska ta koma ruwa, a fara fesar da iska ta hanci ko ta baki, a hankali ba yankewa, ta yadda in an juyo shaƙa kawai ya rage. Mai tsaye a bakin kwami zai iya ganewa: in bai ga kumfa na tashi gefen kunnen mai iyo ba, riƙewa yake yi.

Ana koyon wannan a inda ruwa ya tsaya a ƙirji. Shaƙi iska daidai misali, ka saki jiki kana busawa har ka zauna a ƙasa, ka taso, ka maimaita sau ashirin. Wanda ya kasa nutsewa bai saki iskar ba tukuna.

Wajen shaƙar kuma ba a ɗaga kai, juya shi ake yi tare da jiki. Ido ɗaya na tabarau na iyo ya rage cikin ruwa, kunne na kwance kusa da damtsen hannun da ke miƙe a gaba. Kai in yana tafiya yakan tura 'yar igiyar ruwa a gabansa, sai wani ɗan kwari ya buɗe daidai gefen baki. A wannan kwarin ake shan iska, a karkata baki kamar mai tauna goro a gefe guda. Wanda ya ɗaga kai ya rushe kwarin, ya kurɓi ruwa, ya kuma danna hannunsa na gaba ƙasa don ya tallafi kan, ƙafafu su nutse. Laifi ɗaya ya haifi uku. A wajen atisaye a riƙa shaƙa bayan kowane ja uku, dama da hagu, don jiki ya daidaita. Ranar gasa ba laifi a shaƙa bayan kowane ja biyu, dogon zango iska yake ci. Amfanin iya ɓangare biyu shi ne in igiyar ruwa ko hasken rana ko gwiwar hannun wani na dama, sai ka koma hagu.

Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake: wasan nan na a yi ta jan numfashi da sauri sannan a yi kurme a ga wa zai fi daɗewa yana kashe gwanaye. Jan numfashin yana kashe ƙararrawar da ke gaya wa mutum ya taso, sai ya suma a ƙarƙashin ruwa ba ko motsi. Ba ya cikin horon dogon zango, a bar shi.

Jiki ba a kwance shamɓal yake tafiya ba. Yana mirginawa dama da hagu, digiri 30 zuwa 45, kafaɗa da ƙugu tare, kamar tsire a kan tsinke. Mirginawar ce ke ba hannu tsawo, ta sa manyan tsokokin baya su ɗauki aikin, ta kuma sauƙaƙa shaƙar iska. Darasinta: kwanta a gefe, hannun ƙasa a miƙe gaba, na sama a kan cinya, fuska na kallon ƙasa, ka buga ƙafa sau shida, ka ja hannu sau ɗaya ka koma ɗaya gefen, shida kuma. Mai takalmin roba irin na ƙafar agwagwa ya sa, zai ba shi damar mai da hankali kan jiki maimakon fargabar nutsewa.

Yanzu hannu. Yatsu ne ke fara shiga ruwa, tafi na kallon ƙasa, daidai saitin kafaɗa. Kuskure biyu sun fi yawa. Na farko shi ne hannu ya ƙetare tsakiyar kai zuwa ɗaya ɓangaren. Nan take ƙugu zai kauce, ƙafafu su buɗe kamar almakashi don tare faɗuwa, mutum ya yi ta tafiyar maciji. Mai wannan laifi ba ya jin yana yi, sai an ɗauke shi a waya daga gaba an nuna masa. Maganinsa ya shigar da hannu a inda yake jin ya yi faɗi da yawa, a nan ne daidai. Na biyu shi ne shigar da babban yatsa farko, tafi na kallon waje. Wannan yana murɗa kafaɗa ciki, in aka maimaita sau dubbai sai ciwon gaban kafaɗa ya kama, wanda kan zaunar da mai iyo makonni.

Bayan hannu ya shiga ya miƙe, yatsu su kasance ƙasa da wuyan hannu, wuyan hannu ƙasa da gwiwar hannu. Daga nan sai kamun ruwa, wanda shi ne sirrin sana'ar. Ka ɗauka wata ƙatuwar randa ce kwance a gabanka kana son ka ɗora hannu ta samanta: gwiwar hannu na nan sama kusa da fuskar ruwa, yatsu sun nufi ƙasa, tafi da sangalin hannu sun zama filafili guda mai kallon baya. Sannan ka tura ruwan baya, a hankali da farko, da sauri a ƙarshe, har babban yatsa ya shafi cinya. Wanda ya ja da hannu a sanƙare, rabin farkon jansa ƙasa yake danna ruwa, sai ya yi ta tsalle sama da ƙasa kamar mai sukuwa, gaba kuwa kaɗan. Wanda kuma ya bar gwiwar hannu ta faɗi ta riga tafi, shafa ruwan kawai yake yi. Yatsu kada a matse su gam, kada a baza su, a sake su yadda suke in hannu na hutawa.

Darasin da ya fi saurin koyar da wannan shi ne iyo da dunƙulallen hannu. Yi mita 25 hannu a dunƙule, dole sangali ya koyi riƙe ruwa, sai ka buɗe ka dawo, za ka ji tafinka ya zama faranti. Faifan roba da ake ɗaurawa a tafi kuwa kada mai koyo ya yi gaggawar sa shi, yana ninka nauyi a kan kafaɗar da ba ta gyaru ba.

Ƙafa ba ta da dogon bayani. A dogon zango ɗan abin da take ƙarawa na sauri bai kai iskar da manyan tsokokin cinya ke sha ba, ga keke da gudu na jiran su. Aikinta ta riƙe jiki a miƙe. Bugun daga ƙugu yake tasowa, gwiwa ta ɗan saki kaɗan, yatsu a miƙe baya, manyan yatsu na kusan gogar juna, faɗin bugun kada ya wuce bakin bokiti. Masu keke sukan kawo taka feda cikin ruwa, gwiwa na shigowa ƙarƙashin ciki. Masu gudu kuma idon sawunsu a ƙage yake, ƙafa ta tsaya kamar ƙugiya, har akwai wanda in ya riƙe allon koyon iyo yana bugun ƙafa zalla baya zai riƙa yi. Zama a kan dugadugai, bayan ƙafa a shimfiɗe a tabarma, minti biyu kullum, yana sakin wurin. Bugu biyu ya wadatar, wato ƙafar dama sau ɗaya lokacin da hannun hagu ke shiga ruwa, ta hagu sau ɗaya lokacin na dama.

To, ta yaya mutum zai san yana ci gaba? Da ƙirga da agogo. Ƙirga jan hannunka a tsawon mita 25. Mai koyo yakan yi 25 zuwa 30, wanda ya fara gyaruwa yakan sauko wajen 18 zuwa 20, gwargwadon tsawonsa. Haɗa adadin da daƙiƙoƙin da ka ci: ja 22 cikin daƙiƙa 30 ya ba da 52. Wannan jimlar ake so ta ragu. Na faɗi haka ne don wasu in sun ji an ce a rage ja sai su riƙa sanƙarewa a gaba suna jira, jiki ya tsaya, kowane ja ya zama tashin mota daga giya ɗaya. A kwami mai lafiya ma hasara ce, balle a dam mai igiyar ruwa. Sauri tsawon ja ne a ninka da yawansa, in ka sayi ɗaya da kuɗin ɗaya ba ka ci riba ba.

Sai saurin da za a yi horo da shi. Bayan ɗumama jiki, yi mita 400 iya ƙarfinka a riƙe maka lokaci. Huta sosai, kamar minti goma, ka yi mita 200 haka nan. Cire lokacin na biyu daga na farko, ka raba biyu. Misali, 400 cikin minti 8, wato daƙiƙa 480, sannan 200 cikin minti 3 da daƙiƙa 44, wato 224. Saura 256, rabinsa 128. Ke nan minti 2 da daƙiƙa 8 a kowace mita 100 shi ne saurin da jikinka zai iya riƙewa a dogon zango, kuma da shi mita 1,500 za ta ci maka wajen minti 32. Rage daƙiƙa 8 kacal a kowace ɗari, ka ci ribar minti biyu cur. Don a san nisan sama, Bobby Finke na Amurka ya yi mita 1,500 cikin minti 14 da daƙiƙa 30.67 a Paris a 2024, kimanin daƙiƙa 58 ke nan a kowace ɗari.

Ga tsarin yini ɗaya mai mita 2,000: ɗumama jiki 300, darussan gyara 50 sau shida, sai 100 sau goma a kan saurin nan naka da hutun daƙiƙa 15 tsakani, 50 sau huɗu na koyon duban hanya (bayaninsa na tafe), 200 na hucewa. Ɗari ta goma ta zo daidai da ta farko. In ta farko ta fi ta ƙarshe da daƙiƙa goma, zafin kai ka yi, ba horo ba. Minti 40 sau uku ko huɗu a mako ya fi awa biyu a rana guda, don hannu yana manta ruwa da wuri. A sake gwajin bayan mako shida. Yawancin kwaman da matasa ke samu na otal-otal ne, gajeru, don haka a auna tsawonsu da tef kafin a yi lissafi, a kuma tuna cewa yawan tura bango yana ƙawata lokaci. Da hukumar wasanni ta jiha za ta tanadi kwami mai mita 25 ko 50, mai layi da agogon bango da mai ceto, wanda ɗan talaka zai shiga da kuɗi kaɗan, da rabin wannan wahala ta kau.

Ita gasar a buɗaɗɗen ruwa ake yin ta, inda ba layi a ƙasa, ba bango. Kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, don haka kowa yana karkata. Rufe ido a kwamin da ba kowa, ka yi ja goma, ka buɗe ka ga inda ka nufa. Mai kauce wa hanya da digiri 20 yana dawowa, mita 1,500 tasa ta zama kusan 1,600. Duban hanya irin na kada ake yi: lokacin da hannun gaba ya fara danna ruwa, ɗago idanu kawai, hanci da baki na ciki, ka mayar, sannan ka juya gefe ka shaƙa. Bayan kowane ja shida zuwa goma. Kada ka nemi 'yar alamar da ke yawo a ruwa, nemi babban abu a bayanta, kuka ko dutse ko tankin ruwa, tun kana tudu. Ba a fafe gora ranar tafiya, a koyi wannan a kwami. Dokar gasar kuma ta yarda a bi bayan wani a ruwa. Zama dab da ƙafafun wanda ya ɗan fi ka sauri, ko gefen ƙugunsa, yana rage wahala sosai, sai dai kada ka yi ta taɓa masa ƙafa, kuma ka riƙa duban hanya da kanka, kada makaho ya ja makaho.

Malam Edita, dole in taɓo dam-dam ɗinmu, don na san can matasa za su nufa: Ajiwa, Zobe, Jibiya, Sabke, Mairuwa. Iya ruwa fid da kai, kuma fid da kai yana farawa tun daga tudu. A nemi izinin masu kula da wurin, don wasu ruwan sha ne na gari. A tambayi masunta inda suka kafa kalli da mamari, wato raga da igiyar ƙugiyoyi, ƙugiya ba ta san gwani ba. Kada a shiga sai da kwalekwale na biye, da hula mai launi mai haske, da jarka marar komai a ɗaure a ƙugu da igiya mai tsawon kamu biyu, wadda za a runguma in jijiyar dambubu ta ɗaure. In ta ɗaure, juya rigingine, ka ja yatsun ƙafar zuwa ƙauri har ta saki. A bi gefen gaɓa, a nisanci wurin da ruwa ke fita. Da an ji tsawa a fito. Da hunturu kuma ruwan safe kan sa mutum ya ja numfashi ba shiri, don haka a shiga a hankali, a jiƙa fuska da ƙeya minti ɗaya ko biyu kafin a kwanta.

Sannan tsargiya. Ƙwayarta daga katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fata, ba sai an sha ruwan ba, kuma ta fi yawa a gaɓa mai ciyawa inda ruwa ke kwance. Jini a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake gaya wa yara, ciwo ne, yana kuma rage jini, mai ƙarancin jini kuwa ba ya dogon zango. Duk mai shiga irin wannan ruwa ya je asibiti a gwada fitsarinsa. Maganinta, praziquantel, sananne ne, da nauyin jiki ko tsawo ake auna shi. Wannan ma dalili ne na a yi mafi yawan horo a kwami mai magani, a bar dam sai jefi-jefi.

Ranar gasa kada a biye wa turmutsitsin farko. Wanda bai saba ba ya tsaya a gefe ko baya, ya yi mita 200 na farko ƙasa da ƙarfinsa yana fesar da iska, har numfashi ya zauna. In tsoro ya taso, ya juya rigingine, ya shaƙa sau biyar, ya ci gaba. Saura mita 150 a fita sai a ƙara bugun ƙafa don jini ya sauko cinya. A ci gaba da iyo har yatsu su taɓa ƙasa, don tafiya cikin ruwa mai kai ƙugu ta fi iyo cin lokaci. A miƙe a hankali, domin wanda ya yi rabin awa a kwance in ya zabura jiri kan ɗebe shi. Tabarau a ɗaga shi goshi, kada a cire, hannu biyu su zama a sake har a isa wurin keke.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai koyar da iyo,
Katsina.